Gida a Faransa: kafin ka tura kuɗin, zauna mu yi lissafi



Akwai wata talla da ke yawo a wayoyinmu, daga wannan rukunin WhatsApp zuwa wancan, kuma na san da yawanku kun ci karo da irinta. Matashi ne cikin kwat, tsaye a barandar wani bene, yana zuba faransanci mai santsi. Alkawarinsa bai wuce uku ba: in ka sayi gida a Turai kuɗinka sun tsira daga faɗuwar sefa, za ka samu takardar zama kai da iyalinka, kuma ka bar wa ɗiyanka gadon da ba ya ruɓewa. Ba talaka ake wa wannan kira ba, shi da ke fama da kuɗin tiyar hatsi. Ana yi wa Alhajin da ya tara abinsa a fatauci tsakanin Maraɗi da Kano, da ma'aikacin babban kamfani ko ƙungiyar agaji a Yamai, da uban da ɗansa ke karatu a Liyon ko Tulus har ya gaji da biyan haya. Akwai kuma kashi na huɗu waɗanda ba su buƙatar talla, don sun riga mai tallar sanin hanya, wato masu riƙe da amanar baitulmali. Zan zo kansu. Amma bari in fara da mai halaliyarsa, domin shi ake shirin yi wa cinikin biri a sama.

Faransa zan ɗauka, tunda can harshe da karatu da ƴan uwa suka fi jan mutanenmu.

Ba na raina tsoron da ke tura mutum neman mafaka ga dukiyarsa. Duk wanda ya yi wayo kafin Janairun 1994 yana tune da ranar da aka kwana sefa 50 na daidai da faran ɗaya na Faransa, aka wayi gari sai 100. Rabin ƙarfin ajiyar mutane ya tafi a dare guda. Tun 1999 yuro ɗaya yana tsaye a kan sefa 655.957, amma kowa na jin maganganun sabon kuɗi, kuma ɗan kasuwa ba ya son kwana cikin rashin tabbas. Ga kuma gaskiyar da ba mu son faɗa: a Faransa, in takardar gida ta fito da sunanka, ba za ka zo gobe ka tarar wani ya zuba yashi da tubali a wurin yana riƙe da tasa takardar ba. Mu da muka san yadda ake sayar da fili ɗaya ga mutum uku a gefen Yamai, mun san darajar wannan. To amma wannan tabbacin yana da farashi, kuma mai talla ba ya karanta maka shi.

Maganar takardar zama ita ce mafi sauƙin warwarewa. Sayen gida a Faransa ba ya ba kowa katin zama, ko da gidan na miliyan dubu ne. Kai da gidanka za ka bi layin biza kamar kowa, kuma in an ba ka ta ziyara, kwana 90 ne cikin kowane kwana 180. Ƙasashen da suka taɓa sayar da zama a bakin gida, su ma suna ta rufe ƙofa. Fotugal ta buɗe tsarinta a 2012, ta cire sayen gida daga ciki a watan Oktoba 2023. Sifen ta fara a 2013 da yuro 500,000, ta rufe ranar 3 ga Afrilu 2025. Girka ba ta rufe ba, amma a Atina da tsibiran da aka fi so ta ɗaga kuɗin zuwa yuro 800,000, wato sama da miliyan 520 na sefa. Mi ya sa? Ƴan ƙasa ne suka fito kan titi. Ma'aikacin da aka haifa a Lisbon ya kasa biyan haya a garinsu, alhali gidaje na rufe da kwaɗo, masu su na wata nahiya. Duk wanda ya ce maka yau ka sayi ɗaki a Pari ka samu takardu, ko dai bai sani ba, ko ya sani sarai yana neman ladan dillancinsa.

Sai farashi. A birnin Pari, murabba'in mita ɗaya na tsohon gini ya haura yuro 10,000 a 2019, ya sauko ƙasa da haka a 2023. Ka lura da wannan kafin mu ci gaba: ya sauko. Gidan Turai ma yana faɗuwa, kuma wanda ya saya a 2020 ya sayar bayan shekara huɗu, da yawa sun fita da asara. Mu ɗauki misali don lissafi ya yi sauƙi. Ɗaki guda mai ɗan kicin da makewayi, murabba'in mita 20 ko ɗan fiye, wato faɗin ɗakin mita huɗu da biyar, a kan yuro 200,000. Miliyan 131 ke nan na sefa. Ba sai na gaya wa ɗan Damagaram ko ɗan Tawa abin da miliyan 131 ke ginawa a garinsu ba.

Kuma ba a nan kuɗin suka tsaya ba. A Faransa ba a cinikin gida sai ta hannun noter, jami'in da hukuma ta amince ya rubuta cinikin ya kuma shigar da shi rajista. Abin da ake biya ta hannunsa a tsohon gini yana kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na farashin, mafi yawansa lanho ne da ke wucewa aljihun hukuma. A misalinmu yuro 15,000 ne, kusan miliyan 10 na sefa, sun tafi tun ba ka riƙe makulli ba. Da farko ana sa hannu a yarjejeniyar alkawari, mai saye yana da kwana 10 ya janye ba tare da asara ba. Bayan nan in ya fasa ba da hujjar da aka rubuta ba, kuɗin kafin alƙalami, wanda kan kai kashi 5 zuwa 10, ya zama na mai gida.

Yanzu a ce ka zuba ɗan haya, yana biyan yuro 800 a wata. Yuro 9,600 a shekara, miliyan 6 da ɗoriya. In ka tsaya nan, kamar yadda mai talla ke tsayawa, sai ka ce kai, ga riba. To bari mu ci gaba. Wanda ba ya zaune a Faransa ana yanke masa lanhon kuɗin haya aƙalla kashi 20, sai fa in ya yarda ya baje musu shaidar duk abin da yake samu a duniya don a duba ko ya cancanci ƙasa da haka, kuma na san Alhazanmu nawa za su yarda da wannan. A kan haka akwai wani kashi 17.2 na asusun jin daɗin jama'arsu, asusun da kai ba za ka ci moriyarsa ba. A tsarin mai sauƙi, na hayar ɗaki marar kaya, ana yafe kashi 30 na kuɗin hayar a ɗora lanho kan sauran. Lissafin yana ba da kusan yuro 2,500. Kamfanin da zai riƙa karɓar maka haya, tunda kana Maraɗi, zai cire nasa, mu ce 700. Saura lanhon gida na shekara, wanda hukumar birnin Pari ta ƙara da kashi 52 a 2023 kaɗai, da inshora, da rabonka na ɗawainiyar bene, da gyaran famfo ko tukunyar ruwan zafi. In muka sa musu 1,400 gaba ɗaya, mun yi musu sassauci. Abin da ya rage a hannunka yuro 5,000 ne, a kan 215,000 da ka zuba. Kashi 2 da ɗan abu cikin 100 a shekara. Kuma wannan a shekarar da komai ya tafi daidai: ɗan haya bai yi fashin wata ko ɗaya ba, rufi bai yi yoyo ba.

Wallahi ban san ɗan kasuwar da zai ɗaure miliyan 141 a kantinsa don ya samu miliyan 3 a ƙarshen shekara, ya ce ya yi fatauci ba.

In ka ce to ka ƙara kuɗin haya mana, a Pari tun Yulin 2019 hukuma ke ƙayyade iyakar haya unguwa-unguwa, kuma Lil, Liyon, Bordo da Monpeliye sun bi sahu. In ka ce ba ka sa kowa, ka bar shi don hutunka, akwai lanhon gida na biyu, wanda Pari ke ɗora wa ƙarin kashi 60. In ka rufe shi babu kaya babu mutum, akwai lanhon kangon gida. In ka ce za ka riƙa ba masu yawon buɗe ido kwana-kwana ta Airbnb, gidan da ba mazauninka ba ne sai da izini na musamman, kuma a Pari samunsa ya fi ƙarfin ƙaramin mai gida. Kowace ƙofa ka nufa ka tarar an riga ka.

Akwai abin da ya fi lanho ba mutanenmu mamaki, shi ne matsayin ɗan haya. Mu nan mun saba mai gida ya aiko yaro ya ce wata mai kamawa a ba shi ɗakinsa, ɗansa zai yi aure. Can yarjejeniyar ɗaki marar kaya shekara uku ce, ba ka fitar da mutum kafin ta cika, kuma ko a ƙarshenta sai ka sanar wata shida kafin lokaci, da dalilin da doka ta sani. In ya daina biya, kotu za ka je, ka jira. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da kowa saboda sanyi, ko da hukunci na hannunka. In zuciya ta ɗebe ka ka sa aka canza kwaɗo, kai ne mai laifi, hukuncin na iya kai ɗaurin shekara uku da tarar yuro 30,000. Ni a matsayina na wanda ya ga yadda ake watso kayan magidanci waje a unguwanninmu, ba na kushe wannan doka, ina ma muna da rabinta. Amma mai saye ya san a wane gefen dokar yake tsaye.

Sannan bene can na tarayya ne. Ɗakinka naka ne, amma rufi da matakala da lif da bangon waje na kowa ne, kuma taron masu ɗakuna ke yanke abin da za a gyara. Kana Ƙonni za a kaɗa ƙuri'a a ce a sake rufi, takardar rabonka ta zo, ko ka halarta ko ba ka halarta ba. A Pari doka ta tilasta gyaran fuskar bene duk shekara goma. Ga kuma sabuwar dokar ɗumama gida: ana auna kowane gida a ba shi harafi daga A zuwa G gwargwadon makamashin da yake ci. Daga 1 ga Janairu 2025 mai harafin G ba ya shiga sabuwar haya, F zai bi a 2028, E a 2034. To wane irin gida kake jin masu shi ke gaggawar rabuwa da shi da rahusa? Kuma wa ya fi sauƙin sayar wa, in ba baƙon da bai taɓa kwana cikin sanyin Janairu ba, wanda ya ga ɗakin a bidiyo kawai?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Za a nuna maka apartama mai ɗaki uku a wata unguwa ta bayan gari da kuɗin da bai kai rabin na misalinmu ba, a ce ribar haya kashi goma. Sau da yawa irin waɗannan suna cikin benayen da bashi ya ci, rabin masu ɗakuna sun daina biyan rabonsu, lif ya mutu, ruwa na bin bango. A Griñi da Kilishi-su-Buwa, kusa da Pari, sai da gwamnati da kanta ta shiga ceton irin waɗannan benaye. A Marsai, ranar 5 ga Nuwamba 2018, tsofaffin benaye biyu suka rufta a titin Obañ, mutum takwas suka rasu. Kuma a nan akwai abin da ya kamata ya tsaya mana a rai. Ribar kashi goma a ruɓaɓɓen gini daga jikin wa take fitowa? Daga wanda ba shi da zaɓi: baƙo marar takardu, wanda ba ya iya kai ƙara, ana cusa su shida a ɗaki guda. Faransawa na kiran masu wannan sana'a ƴan kasuwar barci, kuma doka na ɗaure su ta ƙwace gidan. Waɗanda ke kwance a kan katifun nan, da yawansu ta Agadas suka bi. Ba ƙaramin abin kunya ba ne a ce kuɗin ɗan Afirka ne ke tatsar su, ta hannun wani wakili da mai gidan bai taɓa tambaya su wa ya zuba masa ba.

Yadda kuɗin za su fita ma wani aiki ne. Dokar canji ta UEMOA ta ce mazaunin ƙasa ba ya zuba jari a waje sai da izinin ministan kuɗi, kuma sayen gida na ciki. A can kuma noter ba ya karɓar jaka: duk abin da ya wuce yuro 3,000 a cinikin gida sai ta banki, kuma doka ta wajabta masa ya tambayi asalin kuɗin, in ya yi shakka ya sanar da Tracfin, hukumar da ke bin sawun kuɗin haram, ba tare da ya gaya maka ba. Alhajin da ya yi shekara talatin yana fatauci da amana da littafin bashi, wanda kuma yake gudun rancen banki saboda riba, yana iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari amma ya rasa takardar da za ta nuna haka. Daga nan ne shaiɗan ke kawo shawara: a tura ta ƴan canji, a sa sunan yaron da ke karatu can, ko ɗan ƙane, ko wani amini mai takardun zama. Ka ji ni da kyau, Alhaji. Kotun Faransa sunan da ke kan takarda ta sani. Ran da zumunci ya yi tsami, ko yaron ya yi aure ya rabu da matar, ko ya riga ka tafiya, shaidun da suka ji ka ce "ajiya na ba shi" a zaurenka ba za su ƙetare teku ba.

Mun kuma ga abin da siyasa ke iya yi. Bayan 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya toshe hanyoyin banki har zuwa Fabrairun 2024. Air France ta daina sauka Yamai, Faransa ta dakatar da ba da biza a nan, ofishin jakadancinta ya rufe a Janairun 2024. A Disamban 2023 Nijar da Mali suka sanar da soke yarjejeniyar da ke hana a yanke wa mutum lanho sau biyu tsakaninsu da Faransa. Ko mi mutum ke tunani game da waɗannan al'amura, mai ɗaki a Faransa ya wayi gari da dukiyar da zuwa ganinta ya zama wahala, alhali takardun biya ba su fasa zuwa ba. In kuma ya ce bari ya sayar ya huta, ribar da ya samu a kan farashin saye ana yanke mata kashi 19 da wani 17.2, kuma ba ta kuɓuta gaba ɗaya sai gidan ya shekara 30 a hannunsa.

Saura alkawari na uku, gado. A nan zan yi adalci: kowane ɗa ko ɗiya ana yafe masa lanho a kan yuro 100,000 na farko, don haka mai ƴaƴa goma da ɗakin 200,000, lanhon kansa ba shi ne zai dame su ba. Takardu ne za su dame su. Noter zai nemi shaidar kowane magaji, da takardar haihuwa, da ta aure, duka a tantance. Mu da a gida ɗaya za ka tarar an rubuta sunan uba Mahamadu a takardar wannan, Mamman a ta wancan, wani kuma an ce an haife shi wajajen shekara kaza. Matar da aka ɗaura aurenta a ƙofar gida da goro da shaidu, ba a taɓa kai shi magajin gari ba, in ba ta iya kawo shaidar da suka yarda da ita ba, a idonsu bare ce, kuma bare kashi 60 ake cire masa a abin da aka bar masa. Ƴan uwa shaƙiƙai kashi 35 zuwa 45. In an rasu a wajen Faransa, shekara ɗaya ake ba magada su kai bayani, bayan nan kuɗin jinkiri ya fara hawa. Sayar da ɗakin kuma sai da sa hannun kowa, ko a koma kotu, in akwai ƙananan yara sai alƙali ya yarda. Ka ɗauki gidan mata uku da ƴaƴa goma sha bakwai, wasu a Kano, wasu a Agadas, biyu ba su ga maciji, ka ce su haɗu a kan ɗaki guda da ba wanda ya taɓa gani. Kafin su shirya bashin bene ya taru, kuma masu kula da benen na da ikon kai ƙara a yi gwanjon ɗakin.

Ban ce babu wanda sayen ya dace da shi ba. Ɗan Nijar da ke zaune can da takardunsa, yana aiki, yana biyan haya duk wata, in ya sayi inda zai kwana ya yi dabara. Uban da ke da ƴaƴa uku da za su bi juna a jami'a ɗaya shekara goma, shi ma yana da lissafin da zai iya tsayawa. Waɗannan masu amfani da gida ne. Wanda nake jan kunne shi ne mai neman wurin ɓoye dukiya daga nesa.

Wannan ya kawo ni kan kashi na huɗu. Duk abin da na lissafa a sama, lanho da kashi biyu cikin ɗari da ɗawainiyar bene, ba ya damun wanda bai sha wahalar tara kuɗin ba. Shi ba riba yake nema ba, wurin da kuɗin za su kwanta nesa da idonmu yake nema. Shi ya sa in ka ji ma'aikacin da albashinsa sananne ne ya mallaki apartama a unguwar masu hali ta Pari, kada ka tsaya yaba wayonsa.

Abin da ya manta shi ne, tsarin takardun nan da ke wahalar da mai gaskiya, shi ne tarkon ɓarawo. Kuɗi a banki suna da ƙafa, cikin daƙiƙa sun tsallaka ƙasa uku. Gida ba ya gudu. Yana da titi, yana da lamba, yana da ranar saye da farashi da sunan noter. A watan Maris 2007 ƙungiyoyin farar hula, ciki har da Sherpa da wata ƙungiyar ƴan Kwango mazauna waje, suka kai ƙara a Pari kan dukiyar da iyalan wasu shugabannin Afirka suka tara can. An yi watsi da ita. Transparency International ta Faransa ta sake shigarwa a 2008, sai a Nuwamban 2010 kotun ƙoli ta ce ƙungiya na da hurumin yin ƙarar. A Oktoban 2017 aka sami Teodorin Obiang, ɗan shugaban Ikwatoriyal Gini kuma mataimakinsa, da laifi: ɗaurin shekara uku na jeka-ka-gyara-halinka, tarar yuro miliyan 30, da ƙwace dukiyarsa ta Faransa, ciki har da katafaren gida mai lamba 42 a titin Fosh, wanda aka ƙiyasta sama da yuro miliyan 100. Gwamnatinsu ta ce ai ofishin jakadanci ne, kotun duniya ta Hag ta ce a'a a Disamban 2020, hukuncin ya tabbata a Yulin 2021. A Ingila ma, James Ibori, tsohon gwamnan jihar Delta ta Najeriya, ya sha ɗaurin shekara 13 a 2012, kuma gidajensa na can na cikin abin da aka bi.

Don mu gane girman abin: rahoton farko na binciken ma'aikatar tsaronmu da ya fito a 2020 ya ambaci asarar biliyan 76 na sefa. In ka mayar da su yuro, kusan miliyan 116 ne. Wato abin da ya girgiza ƙasarmu gaba ɗaya, har aka kama ƴan farar hula saboda shi, bai wuce kuɗin gida guda a titin Fosh da ɗan canji ba.

Kada kuma mu ɗauka Faransa ta yi wannan don son mu. Shekara goma sha huɗu aka yi daga ƙara zuwa hukuncin ƙarshe, kuma ƙungiyoyi ne suka ja shari'ar, masu gabatar da ƙara na gwamnati sun yi ta ja da baya a farko. Gidajen nan ba a ɓoye aka saye su ba: akwai bankin da ya wuce da kuɗin, akwai noter da ya buga hatimi, akwai hukumar da ta karɓi lanhonta ta yi shiru. Sai ranar 4 ga Agusta 2021 aka yi dokar da ta ce a mayar da irin wannan dukiya ga al'ummar da aka sace wa, kafin nan baitulmalin Faransa take faɗawa. Ko yanzun ta hanyar ayyukan raya ƙasa da su ke tsarawa za ta dawo. Wanda ya bari kuɗinsa suka fita, ko an kama ɓarawon, sai ya roƙa kafin ya ga abinsa.

Shi ya sa aikin a gida yake. A lokacinsa, tsarin mulkin 2010 ya wajabta wa shugaban ƙasa da ministoci bayyana dukiyarsu a rubuce. Mun ga HALCIA, mun ga COLDEFF tun 2023, ga CENTIF. Ko wane suna hukuma ta ɗauka, ko wa ke kan kujera, farar hula ko soja, abin da nake nema ɗaya ne: bayanin dukiya ya haɗa da gidajen waje, da waɗanda ke da sunan mata da ƴaƴa, da hannun jari a ƙananan kamfanonin riƙe gida da ake fakewa bayansu, kuma a buga shi kowa ya karanta, ranar shiga da ranar fita. Ma'aikatar kuɗi kuma, tunda ba a fitar da jari sai da izininta, ta gaya mana duk shekara izini nawa ta bayar na sayen gida a waje, kuma na kuɗi nawa. Ba sai ta faɗi sunan ɗan kasuwa ba, adadi ya isa. In adadin ya fito kaɗan alhali kowa ya san gidajen da yawa, mun san ta inda za a fara tambaya.

Ƴan uwanmu da ke zaune a Faransa, ɗalibai da ma'aikata, ku ma kuna da abin yi, kuma ba ya buƙatar lauya. Tun 2019 gwamnatin can ta saka farashin cinikin gidaje a intanet kyauta, da adireshi da ranar ciniki, ban da suna. Sunan mai gida kuma ana iya nemansa a ofishin magajin gari ko na rajistar filaye in ka san adireshin, har kwafin takardar cinikin ana bayarwa da ɗan kuɗi kaɗan. In kamfani ne ya saya, ƴan jarida da ƙungiyoyin yaƙi da cin hanci na da damar neman sunan ainihin mai shi. Abin da nake roƙo kawai, kada wanda ya ɗauki hoton ƙofar wani ya watsa a Facebook da suna don an ce an ce. A samo takardar tukuna, a gwada ranar sayen da ranar da mutumin ya hau muƙami, a gwada farashin da albashinsa, sannan a kai wa masu bincike da alƙalai.